Ranar da Baba Ya Ambaci Sunana

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da Baba ya ambaci sunana ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ni ce 'yarsa ta fari, shi kuwa mutumin da ne, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zame musu jini da tsoka. Tun ina rarrafe har furfura ta fara leƙo mini, "ke" nake amsawa a bakinsa. In zai ba wani labarina sai ya ce "yarinyar nan" (yarinyar da ta aurar da 'ya). A duk zamanmu da shi sau ɗaya na ji sunana ya fito daga bakinsa, a gaban jama'ar da ta cika ɗakin taro maƙil, kuma ba wani abin kirki na yi ba.

Bari in fara da Munzali, autanmu, don labarin nasa ne, ni kutse na yi a ciki. Tun yana ƙarami Allah ya ba shi murya. Muna da gonar shinkafa a bakin kogi, can ƙasan gada, kuma in shinkafa ta fara nuna yara ake turawa korar tsuntsaye. Kowane yaro da gwangwaninsa da majajjawarsa, shi kuwa Munzali haka yake tafiya hannu rabbana. Da ya tsaya a tsakiyar gona ya buɗe baki, sai ka ga tsuntsaye sun tashi har daga gonar maƙwabta. In muna son mai kwale-kwale ya dawo daga tsallake, shi muke sawa ya kira. Inna, Allah ya ji ƙanta, takan ce wannan maƙogwaro nasa ba na zaman gida ba ne. Mu a lokacin dariya muke yi.

Ya fara karatu a jami'ar nan ta garinmu Wudil, daga baya ya sami gurbin karatun injiniya a Masar. Baba bai iya nuna farin ciki ba, amma duk ranar Juma'a sai ya san yadda ya yi ya sanar da abokansa na kasuwar shanu cewa yaron nan gada zai riƙa ginawa in ya dawo.

A can Masar ɗin, wata rana Munzali yana wanki yana 'yar waƙarsa ta korar tsuntsaye, sai wani tsoho maƙwabcinsa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya ɗauka ƙorafi aka zo yi, har ya fara ba da haƙuri. Ashe tsohon malamin waƙa ne. Ya sa shi ya maimaita, ya sake sa shi, sannan ya tambaye shi ko ya san abin da Allah ya ajiye masa a wuya. Daga nan fa injiniya ta fara ja da baya.

Opera ake ce wa abin. Ga wanda bai sani ba (ni ma sai da aka yi mini bayani ya fi a ƙirga), wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa, komai rerawa ake yi. Ko ruwa mutum zai nema sai ya rera, ko mutuwa zai yi sai ya rera tukuna. Makaɗa kuwa garke guda ne a gaban dandamali, da goge manya da ƙanana da algaitu irin nasu, kuma mawaƙin ba a ba shi lasifika. Da muryarsa tsura zai rinjayi kiɗan nan duka, har wanda yake kujerar ƙarshe ya ji shi.

Ni ya fara faɗa wa, a waya, ya ce in rufa masa asiri. Na rufa, kuma ta haka na zama ma'ajiyar wahalarsa. Ya ce watanni suka shuɗe ba a bar shi ya rera waƙa ko ɗaya ba, sai "aaa" da "ooo" daga safe har azahar. Ana kwantar da shi a ƙasa a ɗora masa manyan littattafai a ciki, wai ya koyi numfashi daga can ƙasa ba daga ƙirji ba. A kunna kyandir a gaban bakinsa, ya ja murya, in harshen wutar ya kaɗa a ce ya sake. An hana shi ruwan sanyi, an hana shi yaji (Bakano ba yaji, wannan kam na tausaya masa). Da malamin nan ya ga ya ba shi abin da yake da shi, sai ya tura shi Italiya wurin wata tsohuwa da ta shahara da koyarwa. Da rana tana ƙwanƙwasa masa fensir a tebur tana cewa bai yi ba, da yamma yana wanke kwanuka a gidan abinci. Ya koyi Italiyanci da Jamusanci da Faransanci, don ba ya yiwuwa ka yi kuka da harshen da ba ka ji.

Matsayin farko da aka ba shi na mai gadi ne. Ya tsaya riƙe da mashi tun daga farkon wasa, ya rera jimla ɗaya, ya fita. Ya kira ni yana murna kamar an naɗa shi sarauta. Haka ya yi ta yi, har ranar da mura ta kama babban mawaƙin aka ce Munzali ya shiga madadinsa. Tun daga ranar bai ƙara riƙe mashi ba. Yau ka ji shi a Jamus, gobe Faransa, jibi Afirka ta Kudu, har Japan ya je. Ya taɓa hawa dandamali da azumi a bakinsa a ƙasar da rana take daɗewa ba ta faɗi ba, ya ce mini da ya gama ji ya yi kamar an yayyafa masa yashi a maƙogwaro.

Asirin da na rufa kuwa a kasuwar shanu ya tonu. Wani ya miƙa wa Baba waya ya ce, ai ga ɗanka. Baba ya ga Munzali cikin wasu kaya masu ƙyalli, fuska da kwalliya, baki buɗe, Turawa suna tafi. Ranar bai ci tuwon dare ba. Da ya sa na kira masa shi, magana ɗaya ya yi: "Na tura ka koyon ginin gada, ka ɓuge da roƙo. A gidanmu ba mu gaji roƙo ba." Ya miƙo mini wayata.

Kada a yi wa Baba mummunar fahimta. Ba ya wulaƙanta makaɗa da mawaƙa, yana ma da abokai a cikinsu. Amma a wurinsa kowa da gadonsa, kuma duk wanda ya tsaya gaban jama'a ya buɗe baki da waƙa, to wani yake wasawa don a ba shi. Bai san wata waƙa da ba wannan ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya tuna ɗan cikinsa a tsaye, ana manna masa kuɗi a goshi. Munzali ya yi rantsuwa cewa a sana'arsu ba a kirari, ba a ambaton kowa, ba a liƙi, albashi ake biya kamar na kowane ma'aikaci. Baba ya ce ya ji.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. In Munzali ya gaishe shi a waya sai ya ce "lafiya lau" ya mayar mini. Bargon da ya aiko masa saboda sanyi yana nan cikin ledarsa a saman kwaba, ba a taɓa buɗe shi ba. Da Inna ta rasu ya zo, Baba ya karɓi gaisuwarsa kamar yadda ya karɓi ta kowa. Ranar komawarsa ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya daɗe yana jiran a ce Allah ya yi albarka, Baba ya ce, "A sauka lafiya." Na raka shi tasha yana share ido da hannun riga. Mutumin da ake tashi tsaye a yi wa tafi a ƙasashen duniya, kalma huɗu yake nema daga bakin tsoho ɗaya, ya rasa.

Da ƙafafun Baba suka fara kumbura, likita ya fara yi mana magana a hankali, sai na kira Munzali na ce in yana da abin yi ya zo ya yi. Aka yi dace wasu malamai a jami'a sun daɗe suna son ya zo ya rera wa ɗalibai. Ya amsa, ya taho har da tsohuwar malamarsa ta Italiya don ta kaɗa masa fiyano, babban abin kiɗan nan na Turawa. Ni kuma na ɗauki aikin shawo kan Baba. Na yi ta zarya, na durƙusa har gwiwata ta yi kanta, na kawo masa maganar gani ya kori ji. Daga ƙarshe ya ce zai je.

"Amma ki ji da kyau," in ji shi. "In na ga roƙo ne, zan tashi in fita. Kuma daga ranar kada wanda ya ƙara kawo mini maganar nan har in koma ga Allah."

Na kai wa Munzali saƙon yadda yake. Ya yarda. Ya ce abu ɗaya yake nema a wurina. Waƙar ƙarshe da zai yi, don Baba ya zaɓe ta, kuma akwai wurin da zai yi shiru a tsakiyarta. "Yaya, shirun nan cikin waƙar yake, ba gamawa na yi ba. Don Allah ki faɗa wa matan gida, ba tafi, ba guɗa, ba liƙi, sai sun ga na sunkuyar da kai."

Ya kawo aiki inda ake son sa. Ni malamar firamare ce, rabin rayuwata a kan cewa "a yi shiru" ya ƙare. Sai dai akwai ɗaya rabin da ya kamata in faɗa. A duk unguwarmu ba a kai amarya sai an aiko a kira ni, don in na kama hanci na rangaɗa guɗa har tsallaken titi ana sanin an iso. Ba sana'ata ba ce, ko sisi ba na karɓa, baiwa ce kawai (da alama maƙogwaron nan na gado ne, Baba ne bai lura ba). To ni ɗin nan ce na bi gida-gida ina gargaɗi. Na je Utai wurin dangin Baba, na je Kausani wurin dangin Inna. Na tara mata na yi musu lacca kan cewa wannan ba biki ba ne, waƙar ilimi ce, duk wadda ta san ba za ta iya riƙe bakinta ba ta yi zamanta a gida. Goggo Hansai, ƙanwar Baba, ta ce to in abin ya yi daɗi fa? Na ce ta haɗiye. Har cewa na yi kowa ta bar jakarta a gida don kada hannu ya yi ƙaiƙayi. Tawa jakar kuwa na rataya abata, da sababbin kuɗin da suka rage mini daga wani biki, don ai ni ba a jin tsoron in yi kuskure. Laifi tudu ne.

Ranar ta zo. Bayan la'asar ɗakin taron ya cika, ɗalibai har bakin taga, malamai a gaba, danginmu mata a gefe guda cikin anko da na hana amma aka yi. Na zauna a bakin layinsu ina raba harara. Baba yana layin farko cikin farar riga, ya kafa sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa ya ɗora hannu biyu a kai. Munzali ya fito cikin kaftani da hula, ba kwat ba, na san kuma don wa ya yi haka. Abin da ya fara yi shi ne ya ɗauke lasifikar da aka kafa masa ya ajiye ta gefe. Ɗalibai suka yi 'yar dariya. Malamarsa, wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da aka yafa wa wani mayafina, ta zauna gaban fiyanon da aka ɗauko daga Kano.

Da ya buɗe baki dariyar ta ɗauke. Na sha jin sa a waya, amma waya ƙarya take yi. Muryar ba ta kunne take shiga ba, a ƙirji nake jin ta, kamar in babbar mota tana wucewa kan gada kana tsaye a ƙasa. Ban gane kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi. Ya yi waƙar farko, ya sunkuya, aka tafa. Ya yi ta biyu, aka tafa. Matanmu suka bi doka, sai dai Goggo Hansai tana ta murza zani a cinya. Ni kuwa idona yana kan Baba. Fuskarsa ba ta ce komai ba, amma bai tashi ba.

Kafin ta ƙarshe Munzali ya yi bayani da Hausa. Ya ce labarin wani mutum ne da ya bar gida ya daɗe, ya dawo ya tsaya a ƙofar gidansu. Yana tuna duk abin da ya bari, yana tsoron ko za a karɓe shi. Daga nan sai ya yi sallama, ya tsaya yana jira. Bai kalli Baba ba da yake faɗa, amma duk wanda ya san gidanmu ya sunkuyar da kai.

Ya fara a hankali, can ƙasa. Muryar ta yi ta hawa, tana hawa, har gilasan taga suka ɗauki rawa, gumi yana bin fuskarsa. Ya kai wani wuri ya ja ta, ya ja, sannan ya sake ta. Malamar ta ɗaga hannuwanta daga fiyano. Ya tsaya da hannu ɗaya a miƙe, idonsa a kan Baba, hawaye yana gangarowa.

Shiru.

Yanzu ina iya ce muku na san shirun nan, an faɗa mini shi, ni na yi shelarsa a ƙauyuka biyu. Amma ba a faɗa mini tsawonsa ba. Ni a inda na tashi, in mawaƙi ya kai ƙarshen muryarsa ya tsaya, jama'a suka yi tsit suna kallonsa, to an yi masa wulaƙancin da ya fi mari. Na taɓa ganin an yi wa wani haka a gidan biki, ya naɗe kayansa ya fita ba ko sallama, kuma na daɗe ina jin tausayinsa. Ga ƙanina a tsaye, wanda na goya, yana kuka a gaban garinsu, ba mai ko motsi. Wani ya yi tari a baya. Zuciyata ta ce ko muryar ce ta sarƙe, ko ya manta abin da ke gaba. Sai na ga Baba ya gyara riƙon sandarsa, ya ɗan yunƙuro gaba. Na ce shi ke nan, tashi zai yi.

Wallahi ban san lokacin da hannuna ya kai hancina ba. Guɗar da na rangaɗa ranar, ko a bikin 'yata ban yi irinta ba. Ta tsaga ɗakin nan gida biyu. Matanmu da na ɗaure wa baki tun safe suka ga mai dokar da kanta ta buɗe hanya, sai suka amsa gaba ɗaya, Goggo Hansai a gaba. Kafin in farga ina kan dandamali, jaka a buɗe, ina zuba kirari: na Inna autan Baba, mai kiran kwale-kwale daga tsallake, ka ci Masar ka ci Italiya! Na zaro sabuwar takarda na manna masa a goshi. Gumin da ke wurin ya riƙe ta ƙam. Ashe kuma matan nan ba su bar komai a gida ba, a bakin zani suka ƙulle abinsu, sai ga su sun biyo ni ana ta zubawa. Ɗalibai suka ɗauki sowa, wayoyi suka tashi sama.

Munzali bai motsa ba, hannunsa yana nan a miƙe, sai ka ce mai karɓa. Ya dube ni ta ƙarƙashin takardar nan, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Yaya, kin kashe ni."

A nan hankalina ya dawo. Na dubi goshinsa, na ga ainihin hoton da Baba ya yi shekaru yana gudun gani, kuma ni na zana shi da hannuna. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Sai ƙarar sanda a kan siminti. Baba ya miƙe. Ƙofar fita tana hagunsa, kuma kowa ya ga ya dube ta. Ya taka a hankali, da kumburarrun ƙafafun nan, amma gaba ya yi, ya tsaya a gindin dandamali. A nan ne ya kira sunana. Bai ɗaga murya ba, amma hatta na bakin taga sun ji, don ɗakin ya mutu. Na yi shekaru ina tunanin yadda sunan nan zai yi a bakinsa, ban taɓa zaton zan so in ce ba ni ba ce.

Ya yafito Munzali da hannu. Munzali ya durƙusa a bakin dandamalin har kansa ya zo daidai. Baba ya sa yatsu biyu ya ɓamɓare takardar daga goshinsa, ya miƙo mini.

"Karɓi abinki. Wa ya roƙe ki? Tun da ya fara ban ji ya wasa kowa ba." Sannan ya juya ga Munzali. "Mutumin nan naka da ya yi sallama, an amsa masa?"

"Ban kai wurin ba, Baba."

"To kai."

Ya koma kujerarsa ya zauna. Mu kuma muka duƙa muna tsince kuɗi a gaban malaman jami'a, kowa tana neman nata, Goggo Hansai tana ce mini ƙasa-ƙasa, "Ke da kika ce a haɗiye." Saukowa daga matattakalar nan ita ce tafiya mafi nisa da na taɓa yi. 'Yar tsohuwar malamar tana kallona da wani irin tausayi, wanda ya fi mini zagi ciwo. Munzali ya share fuska, ya koma inda yake tsaye, ya sake miƙa hannu. Aka sake yin shirun daga farko, ni kuma na cusa gefen mayafi a baki na danne da haƙori. Ya ƙarasa waƙarsa. Da ya sunkuya aka tafa, Baba bai tafa ba, amma yana zaune har aka watse.

Washegari da hantsi Munzali ya je ƙofar ɗakin Baba ya yi sallama. Ina tsakar gida ina jin su. Baba ya amsa, ya ce ya shigo. Sun daɗe a ciki. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce mini, "Ya sa mini." Ban tambaye shi me ba. Da sanyi ya shigo na ga an sauko da bargon nan daga saman kwaba.

Ni kuwa nawa rabon daban. Hoton bidiyon ya zaga gari kafin magariba. Sati na yi ban je kasuwa ba. Da na koma makaranta na ce wa 'yan aji "a yi shiru", sai wani ɗan banza a baya ya kama hanci. Ban ma iya hukunta shi ba. Gidajen biki kuwa har yau in na shiga sai wata ta ce, a ba Malama hanya, ta yi wa Turai guɗa ma balle mu.

Abin da na riƙa lallashin kaina da shi shi ne, ai ko ba komai shirmena ne ya sa Baba ya tashi ya yi magana. Na mayar da abin har ya zama kamar dabara ce na shirya. Ina faɗa a gidajen suna, ina cewa wani lokacin sai an ɓata ake gyarawa.

Baba ya rasu da damina ta zagayo. Munzali ya zo daga Jamus, ya sami kwana uku. Muna zaune a ɗakin Baba bayan mutane sun ragu, bargon nan a ninke a gefe, sai na ɗauko maganar don in sa shi murmushi. Na ce ya gode mini, in ba don guɗata ba da yanzu wani zancen ake yi. Ya yi murmushin, amma ba irin wanda nake nema ba. Ya ce akwai abin da Baba ya faɗa masa a safiyar nan da suka daɗe a ɗaki, bai so ya gaya mini ba a lokacin don raina a ɓace yake.

"Kin tuna ya gyara sanda ya yunƙuro? Ba tashi zai yi ba, Yaya. Ya ce da na yi shirun nan ina kallonsa, ya gane da shi nake. Sallamar zai amsa mini, a gaban kowa. Ya buɗe baki ke nan sai kika rigaye shi."

Karo na farko ke nan a rayuwata da aka yi shiru a ɗaki ban nemi abin da zan cusa a ciki ba. Albarka dai ya samu, alhamdu lillahi, a ɗaki, su biyu. Amma amsar da ya tsallako ƙasashe don ya ji ta a gaban garinsu, wadda tsohon nan ya yi shekaru kafin ya iya haɗa ta a bakinsa, ni na bi ta kanta da guɗa. Ba kuma za a sake ba.

Munzali yana nan yana yawon duniya da muryarsa, kuma ya ce har yau in ya zo wurin shirun nan a waƙar, sai ya ji gabansa ya faɗi, yana jiran ya ji ni daga kujerar ƙarshe. Ya yi mini alkawarin kai ni in ga wasansa a can, da sharaɗin zan bar jakata a Wudil, a kuma ɗaure mini hannu ɗaya a kujera. Na ce na yarda. Ina guɗata har gobe in an kai amarya, don mai hali ba ya fasa halinsa. Sai dai yanzu in na ga mutum ya yi shiru, nakan duba tukuna ko akwai wanda yake jira ya amsa masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji masu magana. Ni sai da na hau dandamali a gaban jami'a guda, da kuɗi a hannu, sannan na gane da ni suke.